Yadda Za Ka Haɗa Ragiletar Fanka ta Lantarki da Hannunka

A gidaje da yawa fankar sama hali biyu kawai ta sani: ko a kashe take, ko tana kan cikakken gudu. Dalilin sananne ne. Ragileta ta ƙone, mai gyara ya zo ya haɗe wayoyin biyu, ya ce an yi mata dairek kafin a sayo sabuwa, shi ke nan ba a sake bi ta kanta ba. A watan Afrilu babu mai ƙorafi. Sai damina ta sauka, dare ya yi sanyi, ga sauro ya hana a kashe fanka, ga yara suna tashi da mura, sannan a tuna da ɗan akwatin nan na jikin bango.

Idan kuɗi kaɗai ake dubawa, saye ya fi sauƙi. Amma buɗe ɗaya daga cikin masu arhan nan ka leƙa: ɗan allo ne mai kaya huɗu ko biyar, babu fiyus, babu abin da zai kare tirayak, wato makunnin lantarkin da ke yanka wutar, babu kuma wurin da za a saita iyakar ƙaramin gudu. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. Rage gudun fanka ba wuya, ɗan koyo ma zai yi. Aikin yana wurin hana ragileta sauka zuwa inda fanka za ta tsaya cak alhali wuta na ratsa koyil ɗinta. Wanda ya haɗa da kansa shi ke da ikon sa wannan iyaka daidai da fankarsa da kuma irin wutar unguwarsu.

Kafin a je ko'ina, ka san da me kake wasa. Babu taransifoma a wannan haɗi. Kowace ƙafa, kowane ɗigon dalma, har ƙarfen bayan wasu tirayak, wutar gida ce kai tsaye, bolt 230, wadda ke kisa. Ba a taɓa allon sai an zare fulogi. Idan ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ko ba ka iya karanta mita ba, ka ɗauki kayanka ka zauna kusa da mai gyaran rediyo ku yi tare. Ba abin kunya ba ne.

Wace fanka ce ta dace

Wannan ragileta ta fankar sama ce ta gargajiya, mai kafasita a saman injinta, wadda galibi aka rubuta wa 2.5µF ko kusa da haka, tana cin wat 60 zuwa 80. Tana kuma yi wa fankar tsaye mai maɓalli uku, da sharaɗin da zan faɗa a gaba. Ba ta yi wa fankar caji, ba ta yi wa fankar sola mai bolt 12, ba ta yi wa sababbin fankokin nan masu rimot da ake rubuta wa BLDC, domin su suna da nasu allon a ciki, idan ka yanka musu wuta lalata shi za ka yi. Firiji da injin jan ruwa da talabijin kuwa kada ma ka gwada.

Sannan ka duba lafiyar fankar tun da wuri. Ka ba ta wuta kai tsaye. Idan sai an tura ta da sanda take tashi, ko tana jan jiki ko a kan dairek, kafasitarta ta gaji ko boris ya bushe. Canza kafasitar da mai lamba iri ɗaya, a sa wa boris maiko ko a sauya shi. Ragileta ba ta ƙara wa fanka gudu, ragewa kawai take yi.

Abin da ke faruwa a ciki

Wutar gida kaiwa da komowa take yi, sau 50 a sakan ɗaya, a Najeriya da Nijar da Ghana duk haka ne. Wato a kowane sakan tana tashi daga sifili, ta kai ƙololuwa, ta sauko sifili har sau 100. Bolt 230 da muke faɗa ba shi ne ƙololuwar ba, ƙololuwar tana kai wa kusan 325. Shi ya sa ake neman kaya masu jure 400 ko 600.

Tsohuwar ragileta, babbar nan mai ramukan iska, tare wutar take yi da waya mai turjiya, abin da ta tare ya zama zafi. Shi ne baƙin tabon da ake gani a bango samanta. Ta lantarki dabararta daban. Tana da tirayak, makunni marar motsi mai ƙafa uku. Idan aka ɗan zunguri ƙafar da ake kira get, sai ya ba wuta hanya tsakanin sauran ƙafafun biyu, ya ci gaba da bari har wutar da ke ratsa shi ta sauko sifili, sannan ya toshe da kansa ya jira wani zungurin. Idan an zungure shi da wuri, fanka ta sami kusan dukan wutar. Idan an jinkirta, ta sami rabi ko ƙasa da haka. Duk gudun fanka a wannan jinkiri yake.

Mai jinkirin kuwa kaya uku ne. Ɗauka cewa 'yar kafasita bokiti ce a ƙarƙashin famfo, boliyum shi ne kan famfon, dayak kuma hannu ne da ba ya tuntsurar da bokitin sai ruwa ya kai wani layi. Layin nan a dayak mai lamba DB3 kusan bolt 32 ne. Ka buɗe famfo sosai, bokiti ya cika nan take, tirayak ya kunnu da wuri. Ka matse shi, cikar ta yi nawa.

Kayan da za ka sayo

A Kano ana samun su a Sabon Gari wurin masu kayan rediyo da talabijin, a Legas Alaba, a sauran garuruwa kuma duk inda masu gyaran rediyo ke sayayya. Rubuta lambobin a takarda ka miƙa, ya fi doguwar magana.

Tirayak BT136-600 ya isa har ya yi yawa: yana ɗaukar amfiya 4, fankar wat 75 kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na amfiya take ja. Idan ka sami BTA12-600 ko BTA16-600, ni na fi son su, ba don girma ba, don ƙarfen bayansu a keɓe yake daga wuta, saɓanin na BT136 da ke haɗe da ƙafar tsakiya. Ka lura da harafin: BTA a keɓe yake, BTB ba a keɓe yake ba. Sayi biyu ko uku, jabu sun yi yawa a kasuwa.

Dayak DB3, ɗan ƙaramin abu ne mai kama da dayod, sau da yawa shuɗi. Ba shi da gaba ko baya, duk yadda ka juya shi daidai ne.

Boliyum B500K, ko 470K. Harafin B na nufin turjiyarsa na hawa daidai wa daida yayin da kake murɗawa. Mai harafin A na sautin rediyo ne, zai tara maka duk canjin a gefe ɗaya. Nemi mai sandar roba, ka haɗa da kan murɗawa na roba.

Firiset, wato ɗan ƙaramin boliyum da ake juyawa da sukundireba, na 500K, an rubuta masa 504. Rizista uku: 10K mai wat 1 (ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo), 220K mai wat 1 (ja, ja, rawaya), da om 100 mai wat 1 ko 2 (ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa).

Kafasita biyu, dukansu 100nF, wato masu lamba 104, amma ba iri ɗaya ba ne. Ta farko ita ce bokitin, ta foliyesta mai bolt 250 ko 400. A jikin irinsu 2E na nufin 250, 2G na nufin 400, 2A kuma 100 ne kacal. Ta biyu dole ta zama mai alamar X2 da 275VAC, galibi 'yar akwati ce rawaya ko ruwan toka. Ita ce za ta zauna a kan wutar gida dare da rana, kuma an ƙera ta ne don kada ta kama da wuta idan ta lalace. Mai shago zai iya ce maka ai duk 104 ne. Ba ɗaya ba ne. Idan babu, ana ciro ta daga tsohuwar fawa saflai ta kwamfuta ko talabijin, kusa da inda wayar wuta ke shiga.

Sai fiyus na amfiya 1 da mazauninsa, barista mai lamba 14D471K, wadda ke shanye tsallen wutar janareta, ɗan allon Vero mai ramuka da ake liƙa kaya a kai, kanekta mai sukurori biyu, ɗan farantin alminiyom na tirayak, da akwatin roba. Roba, ba ƙarfe ba, ba kuma gwangwanin madara ba.

Auna kafin ka liƙa

Riƙe tirayak rubutunsa na kallonka, ƙafafu ƙasa. Ta hagu MT1, ta tsakiya MT2, ta dama get. A BTA ana rubuta A1, A2, G, jerin ɗaya ne. Sa mita a kan om: tsakanin hagu da tsakiya kada ta nuna komai, ko ka juya wayoyin. Idan ta yi ƙara, a ƙone yake. Tsakanin hagu da dama za ta nuna 'yar turjiya kaɗan, wannan daidai ne. Dayak ba zai nuna komai ba ta kowane gefe, domin batirin mita bai kai bolt 32 ba.

Boliyum kuma, sa mita tsakanin ƙafar tsakiya da ɗaya ta gefe, ka murɗa a hankali. Lambar ta riƙa tafiya sumul ba tsalle. Ƙafar gefen da kake so ita ce wadda lambarta ke raguwa idan ka murɗa dama, don murɗa dama ya zama ƙarin gudu. Ɗayar ƙafar gefen ka haɗe ta da ta tsakiya da ɗan guntun waya. Yanzu boliyum ya zama mai baki biyu.

Haɗawa

Ramukan allon Vero tazarar milimita 2.54 ce tsakaninsu, kuma ratar da ke tsakanin layukan jan ƙarfen bayansa ba ta kai milimita ɗaya ba. Wannan ya yi kaɗan ga wutar gida, musamman in ƙurar hunturu ta kwanta a kai sannan laimar damina ta biyo baya. Saboda haka zaɓi layuka biyu masu nisa, ka ɗaye aƙalla layi biyu da ke tsakaninsu da reza ko bakin ƙarfen dalma mai zafi. Mu kira ɗaya layin sama, ɗaya layin ƙasa. Ka ware wani ɗan gajeren layi na uku, mu kira shi mahaɗa.

Fara da tirayak. Ƙafafunsa sun matsu da juna, don haka lanƙwasa ta tsakiya gaba kaɗan da filaya, ta faɗa layin sama. Ta hagu ta faɗa layin ƙasa. Get ya sami raminsa shi kaɗai. Kada ka lanƙwasa daga gindin ƙafar, riƙe ta da filaya ka lanƙwasa daga ƙasa, in ba haka ba tana tsagewa daga ciki ba ka sani ba.

Daga layin sama, sa rizista 10K, ɗaya bakinta ya tafi bakin boliyum na farko. Bakin boliyum na biyu ya dawo mahaɗa. Amfanin 10K ɗin shi ne ko an murɗe boliyum har ƙarshe, turjiya ba za ta zama sifili ba, dayak da get ba za su sha wuta kai tsaye ba. Kada ka tsallake ta.

Kafasitar foliyesta ta zauna tsakanin mahaɗa da layin ƙasa. Dayak ya zauna tsakanin mahaɗa da get. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka maimaita a ranka: rizista daga MT2 take sauka, kafasita a MT1 take tsayawa. Idan ka juya su, fanka za ta tsaya a kan cikakken gudu ba ta jin murɗi, wani lokaci ma tirayak ya tafi.

Yanzu iyakar ƙaramin gudu. Jera rizista 220K da firiset, bakin ɗaya a bakin ɗaya, sannan ka ɗora jerin a kan bakunan boliyum biyu, gefe da gefe da shi. A firiset ma ƙafar tsakiya da ɗaya ta gefe ake amfani da su.

Sai masu gadin tirayak. Jera rizista om 100 da kafasitar X2, ka ɗora su tsakanin layin sama da layin ƙasa. Masu sana'a na kiran wannan sinoba. Koyil ɗin fanka ba ya son a yanke masa wuta farat ɗaya, yana mayar da martani da tsallen bolt, tsallen nan kuma kan kunna tirayak ba da izini ba, sai ka ji fanka na fizga. Sinoba ce ke shanye shi. Barista ma a tsakanin layukan biyu take zama.

A ƙarshe fiyus: daga sukurin kanekta na farko zuwa fiyus, daga fiyus zuwa layin sama. Sukuri na biyu ya tafi layin ƙasa kai tsaye. Ƙara dalma a kan layukan biyu su yi kauri. Ɗaura farantin alminiyom. Tirayak kusan rabin wat kawai yake ɓatawa a kan fanka ɗaya, ɗan faranti ya wadatar, amma idan BT136 ne ka tuna farantin ma ya zama wuta, kada ya taɓa komai.

Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta jikin ƙafar ya yi ɗan tsini. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka bai kama ba, zai yi aiki yau, bayan wata biyu ya fara tartsatsi. Da ka gama, bi tsakanin layuka da bakin allura, ka goge da tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit, ka ɗaga allon a hasken rana ka duba ko akwai zaren dalma da ya haye. Mita tsakanin sukurorin biyu kada ta yi ƙara.

Akwai ƙari ɗaya ga wanda ke da dattijo mai sauraren rediyo a gajeren zango. Yankan wutar da tirayak ke yi sau 100 a sakan yana shiga rediyo da ƙara mai kama da zuzzz, a matsakaicin zango da gajere, FM kuwa bai cika damuwa ba. Ciro zoben nan mai launin rawaya da fari daga tsohuwar fawa saflai ta kwamfuta, ka naɗa masa wayar koyil mai ɗan kauri zagaye kamar 50, ka sa shi tsakanin fiyus da layin sama. Yana ragewa, ba ya kawarwa gaba ɗaya. Nisanta rediyon daga wayar fanka ya fi komai taimakawa.

Gwajin farko da ƙwan fitila

Kada fanka ta zama abin gwajinka na farko. Nemo tsohon ƙwai mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, irin wanda masu kiwon kaji ke ɗumama 'yan tsaki da shi. Ƙwan LED ba zai yi ba, zai yi ta ƙyaftawa ya ruɗa ka. Layif daga fulogi ya shiga sukuri na farko, sukuri na biyu ya tafi ƙwai, ɗaya wayar ƙwan ta koma nutural. Sa allon a cikin akwatinsa, kan boliyum a ɗaure, ka ɗora a kan busasshen katako, takalmin roba a ƙafarka, yara a waje. Sannan ka sa fulogi.

Murɗa dama, ƙwai ya yi haske sosai. Murɗa hagu, ya dushe a hankali har zaren ya koma ja. Idan haka ta faru, haɗinka daidai ne. Idan ya tsaya da haske ba ya raguwa, ko dalma ta haye, ko ka juya MT1 da MT2, ko tirayak jabu ne. Idan bai kawo ko kaɗan ba, duba fiyus, sannan liƙin dayak. Zare fulogi kafin kowane dubawa. Kada kuma ka ɗauki abin da mita mai arha ta nuna a bakin ƙwan da muhimmanci, an yi ta ne don wuta mai santsi, wannan kuwa yankakkiya ce, lambar da za ta ba ka ba gaskiya ba ce.

Saita ƙaramin gudu

Ga lissafin da ya sa muka wahalar da kanmu da firiset. Da kafasita 100nF da wutar bolt 230, idan turjiyar ta wuce kusan 320K, kafasitar ba za ta taɓa kai bolt 32 ba, tirayak ba zai kunnu ba sam. Wato a boliyum na 500K shi kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin uku na murɗin banza ne. Wannan ba shi ne haɗarin ba. Haɗarin yana dab da wurin, inda tirayak ke kunnuwa a makare, wuta na shiga koyil, amma ba ta kai ta juya fuka-fuki ba. Fanka na tsaye tana gunji ƙasa-ƙasa, babu iskar da za ta sanyaya injin, zafi na taruwa. Mai gida ya ɗauka a kashe take, ya kwanta. Ana maimaita haka har ranar da za a ji warin ƙonannen banish, a sauke ta a kai wa mai naɗin koyil.

Kuma wannan wuri ba a tsaye yake ba, yana bin ƙarfin wuta. Idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, kamar yadda takan yi a unguwanni da yawa bayan magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa, iyakar nan tana dawowa kusan 250K. Murɗin da ke ba ka iska mai daɗi da hantsi shi ne zai tsayar da fanka da dare. Masana'antar da ke ƙera ragileta a wata ƙasa ba ta san taransifomar layinku ba.

Jerin 220K da firiset yana sa mafi girman turjiyar ya tsaya tsakanin kusan 150K da 290K, kai ne za ka zaɓi inda. Ga yadda ake yi. Haɗa allon da fankar da za ta zauna da shi, ba wata ba, domin kowace da nauyin fuka-fukanta. Zaɓi lokacin da wutar gidanku ta fi rauni. Murɗe boliyum hagu har ƙarshe. Kashe wuta, juya firiset zuwa tsakiya, rufe, kunna. Jira minti ɗaya ko biyu, fankar sama ba ta sauya gudu nan take. Idan ta yi sauri da yawa, kashe, ƙara turjiya kaɗan. Idan ta tsaya, rage.

Gwajin gaskiya kuwa shi ne na tashi daga tsaye. Fankar da ke kan juyawa tana iya ci gaba da ɗan ƙarfin da ba zai iya tayar da ita ba. Don haka bar boliyum a mafi ƙasa, kashe makunni, jira fuka-fukan su tsaya cik, sannan ka kunna. Dole ta tashi da kanta cikin 'yan sakanni, babu turi. Wannan shi ne abin da zai faru tsakar dare idan an ɗauke wuta aka dawo da ita kana barci. Idan ta yi jinkiri, rage turjiyar firiset, ka sake. Da ta fara tashi lafiya, ƙara ragewa ɗan kaɗan don ranar da wuta za ta fi haka lalacewa. Idan ka kai firiset ƙarshe ba ta tashi ba, sauya 220K da 150K. Bar ta ta yi awa ɗaya a ƙaramin gudu, kashe, taɓa jikin injin. Ɗumi ba laifi. Zafin da ba za ka iya barin hannu a kai ba yana nufin ka sauka da yawa. Da ka gamsu, ɗiga jan farce a kan firiset don kada ya motsa.

Wasu na juya firiset wuta na kunne da sukundireban roba don sauri. Ni dai kashewa na fi so, minti goman da za a ɓata ba su kai komai ba.

Ɗaurawa a bango

Kada ka ce ai an ɗauke wuta bari in yi sauri. NEPA ba ta sallama idan za ta dawo. Kashe babban makunni ko ka zare katawut, ka mayar da canjoba tsakiya, ka kashe inbata idan akwai, ka kuma gaya wa mutanen gida kada wanda ya tada janareta. Gwada testa a soket mai wuta tun kafin ka kashe, don ka tabbata testar ma na aiki.

Tsohuwar ragileta waya biyu ce, ɗaya daga makunni, ɗaya zuwa fanka. Ta makunni ta shiga sukurin fiyus, ta fanka ta shiga ɗayan. Kada ka dogara da launi. A ƙa'ida ja ko ruwan ƙasa layif ne, baƙi ko shuɗi nutural, amma akwai gidajen da aka sa makunni a kan nutural, fanka na kashe amma wuta na jikin koyil. Idan haka naka yake, a gyara shi tukuna. Makunnin kuma dole ya zauna, boliyum ba ya maye gurbinsa. Ko tirayak na toshe, sinoba na barin kusan miliamfiya 7 ta wuce, wanda bai isa ya juya fanka ba amma ya isa ya ja wanda ke goge fuka-fuki ya taɓa waya, a kan tsani kuwa ɗan ja kaɗan ya isa ya kayar da mutum.

Huda ramukan iska ƙanana a ƙasa da saman akwatin, ƙanana sosai, in ba haka ba zanzaro zai shiga ya gina ɗakinsa na laka a kan allon, laka mai laima kuwa hanya ce ga wuta. Fanka ɗaya, ragileta ɗaya. Tirayak zai iya ɗaukar uku, amma iyakar da ka saita wa ɗaya ba lallai ta tayar da sauran ba.

Ga fankar tsaye, sa allon a akwati mai fulogi da soket, layif ya ratsa ta allon, nutural da wayar ƙasa su wuce kai tsaye. Danna maɓallin fankar na mafi sauri ka bar shi nan, ragileta ta yi sauran. Kada ka sauke ta ƙasa sosai, ƙaramin injinta ya fi saurin zafi, kuma yawancinsu na da ɗan fiyus na zafi a binne cikin koyil wanda in ya tsinke ba ya dawowa. Rubuta wa akwatin da maka cewa na fanka ne kawai, don kada wani ya sa cajar waya ko dutsen guga.

Gunji da inbata

Wannan irin ragileta tana sa fanka ɗan gunji a ƙaramin gudu, ba kuskurenka ba ne, yankakkiyar wuta ce ke girgiza ƙarafan injin. Da rana ba a ji, da dare a ɗaki shiru ana ji. Ɗaure sukurorin fuka-fuki da na sandar rataya, da duba robar da ke wurin ƙugiya, suna rage shi sosai. A kan inbata mai tsabtatacciyar wuta tana aiki kamar a wutar gida. A kan mai arha wadda wutarta ke tafiya tsalle-tsalle kuwa jinkirin ba ya tafiya daidai, gunji ya ƙaru, rizistar sinoba ta yi zafi, gara a bar fankar a cikakken gudu.

Wanda gunjin ya hana barci yana da wata hanya: makunni mai juyawa mataki-mataki, kowane mataki yana jera wa fanka kafasita dabam a kan layif, misali 2.2µF a ƙaramin gudu, 3.3µF a matsakaici, su biyun gefe da gefe a na sama, mataki na ƙarshe kuma dairek. Kafasitocin su zama na wutar gida masu jure bolt 400 ko fiye, kowace da rizista 330K a kan bakunanta don ta sauke cajin da ta riƙe, da 'yar rizista om 10 a jere da ita don kada bakin makunnin ya riƙa tartsatsi. Ba ta yanka wuta, don haka babu gunji, babu ƙara a rediyo, sai dai gudu huɗu kawai za ka samu. Ita ma gwajin tashi daga tsaye ya hau kanta: idan 2.2µF ba ta tayar da fankarka bayan magariba ba, fara daga 3.3µF.